Ta Bayan Gilashi

Talata, 4 ga Oktoba 1932, ƙarfe bakwai na yamma

Jiya da hantsi suka ɗauke Anti Tilda, ina wurin aiki. Maƙwabciyarta ce ta tare ni a ƙofar masaƙa ta gaya mini: motar asibitin kan tudu ta zo, an fito da ita cikin jan bargo, an kwashe katifarta za a turara. Ita ce mutum ta tara da zazzaɓin nan ya kama a layinsu. Wasu na cewa ruwan famfo ne, wasu na cewa madara ce, likitan gari kuma bakinsa gum.

Ba ta da kowa, don haka katin asibitin ya faɗo hannuna. An rubuta 58. Kullum jaridar yamma za ta jera lambobin a ƙarƙashin kanu uku, masu sauƙi, masu tsanani, masu tsanani ƙwarai. Babu suna, wai don kada a kunyata iyalai. Yau tana cikin masu tsanani.

Ba 'yar'uwata ba ce. Ita ta koya mini saƙa ina 'yar shekara goma sha biyu, kuma tun daga lokacin injinanta suke fuskantar nawa. Ƙarar injin ta cinye mata kunne tuntuni, amma a zauren saƙa wa ke jin wani? Da leɓe muke magana dukkanmu. Wanda duk ya kawar da fuskarsa daga gare ka ya rufe maka ƙofa ke nan, balle ita da ba ta da wata ƙofar.

Mako uku ke nan ba ta dube ni ba. Ba yau zan rubuta dalili ba.

Laraba, 5 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki

58, masu tsanani.

Alhamis, 6 ga Oktoba, ƙarfe takwas na yamma

Matar laburare ta tsare ni a hanya, wai littafin mai jan bango ya daɗe a wurina. Na ce ta sake buga mini hatimi. Ta dube ni ta saman tabarau kamar na ce ta ba ni ɗanta.

Shekara goma sha ɗaya muna abin nan. In karanta babi ɗaya da yamma, washegari in ba Anti Tilda a bakin inji, hannu na aiki, baki na labari. Karatunta bai wuce na allon kanti ba, amma ta fi duk malamin da na sani gane mutanen cikin littafi. Mun cinye sun kai sittin. Na lura kusan dukkansu wuri ɗaya suke kewayawa: wani ƙaton gida, ko ofis, ko masana'anta da ke haɗiye mutane ta mai da su kaya, sai can wani ya tsaya ya kira wani da sunansa, labarin ya juya. Ta taɓa ce mini masu rubutun nan hannunsu bai taɓa yin kanta ba, to wane munafukin ne ya kai musu labarinmu?

Wannan na mai tsaron ƙofar gidan gajiyayyu ne. Aikinsa ya raba miji da mata a bakin ƙofa, maza hagu, mata dama, a aske su, a ba su riga mai lamba. Mun tsaya a babi na goma sha tara. Tun a na biyar ta yanke masa hukunci, ta ce ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, kuma in zuba ido in ga ɓarnar da zai yi. Na yi dariya a lokacin. Kullum a littafi ina tare da mutanen kirki.

Lahadi, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ba a shiga. Ranar Lahadi kaɗai, daga biyu zuwa uku, ake barin mutane su tsaya a waje, bayan tagogi, kowa ya nemo bulo biyu ya hau. Ana yayyafi.

Abin da na gani ya tsaya mini a rai. A tagar farko wani mai kantin nama yana ta kwarma ihu, matarsa a ciki tana girgiza kai, ba ta jin komai, har ya gaji ya ɗora tafin hannu a gilashin ya yi shiru. Amma a tagogin ɗakin mata na biyu, inda kusan duk masaƙa ne, hira ake yi sosai. Wata na tambayar ko an ba kyanwa abinci, wata na yi wa mijinta faɗa a kan wuyan rigarsa, babu sauti ko ɗaya sai na ruwa a kan lema. Masu asibitin sun sa gilashi mai kauri sun raba mu, ba su san ƙarar injin ta riga ta koya mana wuce shi ba. Na tsaya a kan bulona ina kallo.

Fanny Sagar ce a gadon bakin taga, wadda muka yi makaranta tare. Ta ce, "Selina Crabtree, ƙiba kika yi ko gilashin ne?" Na ce ita kuma askin ya fito mata da kunnuwa kamar na tulu. Sannan na tambaye ta.

Ta nuna da haɓa. Gado na biyar. An aske ta ita ma, kan ya zama ɗan mitsitsi. Fuskarta na bango. Fanny ta ce da aka buga ƙararrawa tana kallon taga, da ta hango mayafina sai ta juya.

Na kai romon naman sa a kwalba. Mai gadi ya manna masa takarda ya rubuta 58.

Litinin, 10 ga Oktoba, tsakar rana

Ba ta juyo ba.

Laraba, 12 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Inji shida nake riƙe da su yanzu, maimakon huɗu. Biyu nata ne. Na kusa da ginshiƙi yana cin zare ta hagu, kuma na rasa yadda take lallashinsa. Helma, mai kula da layinmu, ya zo ya kwance ya ɗaure, ya ce lafiyarsa lau. Lafiyarsa lau, yadin na fitowa da tabo.

Mai agogo yana nan yana zagayawa da allonsa. Tun da kamfani ya kawo shi daga birni aka liƙa wa kowace mace lamba a jikin ginshiƙi, ni talatin da takwas ce. Yana ƙirga daƙiƙa nawa nake ɗauka in sa zare a ƙoshiya. Ba ya kallon fuska, hannu yake kallo. Idan na ɗaga kai daga aiki, inda take tsayawa ba kowa, sai gilashin ofis can a ƙarshen zaure.

Mijina Wilf ya ce in daina cin kaina, kowa ya samu kansa a wurina abin da zai yi ke nan, ga shi shi ba aiki tun bikin Ista. Na ce masa idan yana neman abin yi, ga kwanuka can. Bai cancanci haka ba. Ya tashi ya wanke su, abin ya ƙara ba ni haushi.

Asabar, 15 ga Oktoba, da la'asar

58, masu tsanani. 61 da 44 ba sa ko'ina cikin jerin. Wilf ya ce wataƙila sallamarsu aka yi.

Lahadi, 16 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ban san abin da ya sa na saka littafin a aljihu ba. Fanny ta hango jan bangon, ta ce zaman nan zai kashe su kafin zazzaɓin ya kai ga haka, sun ƙirga tsagar rufi har sun haddace, in ba su ko mene ne. Na ce mun yi nisa. Ta ce in koma farko, ai ba inda za su.

Na fara. Da Fanny kaɗai nake, sai na ga ta biyu ta ɗago, sai ta uku. Waɗanda ke can ciki ba sa hango bakina, sai ta kusa ta juya ta ba ta gaba da ita, ita ma ta miƙa. Labarin na fita daga bakina, ina ganinsa da idona yana tafiya gado zuwa gado har ƙarshen ɗaki, ya tsallaka ɗaya gefen ya dawo. Mata goma sha shida, kai a aske, wasu ko kofi ba sa iya ɗagawa. Da na kai inda mai dafa abincin gidan gajiyayyu ta faɗa cikin tukunyar kunu, dariyar ma bi da bi ta tafi, ta bakin taga ta gama tata kafin ta ƙarshe ta fara.

Sista, mai jinyar ɗakin, ta shigo da sauri ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana waige-waige. Ba 'yar garin nan ba ce. Ɗaki shiru kamar coci, marasa lafiya na riƙe ciki, ba ta ga abin da ya jawo ba. Daga baya ta gano ni, ta daɗe tana kallon bakina, ta koma ta tsaya a jikin ƙofa ba ta hana ba.

Shekara ashirin ina wannan magana ban taɓa ɗaukarta komai ba, abin tsegumi ne da tambayar ƙarfe nawa. Yau na ji tsoronta, irin tsoron da ake ji a gaban abu mai girma. Da shi na sauko tudun.

Ita ba ta juyo ba. Amma Fanny ta ce ba bango take kallo ba, bakin matar gado na shida take kallo. Tana karɓar labarina, muddin ba daga bakina ba.

Talata, 18 ga Oktoba, tsakar rana

Na karanta babi na ashirin jiya. Tsohon malamin da ya koya wa mai tsaron ƙofa karatu ya zo da matarsa, talauci ya koro su. Malamin ya kira shi da sunan yarinta. Shugaban gidan na tsaye a bayansa, sai mai tsaron ƙofar ya ce, namiji hagu, mace dama.

Na rufe littafin. Wanda ya rubuta wannan ya mutu kafin a haife ni, ban san ta inda ya leƙo ni ba.

Laraba, 19 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi

58, masu tsanani ƙwarai.

Alhamis, 20 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi

Haka.

Juma'a, 21 ga Oktoba, da yamma

Haka. Na hau tudun bayan aiki ko da na san ba ranar ziyara ba ce. Mai gadi ya bi takardarsa da yatsa ya ce hamsin da takwas tana nan. Na ce tana da suna. Ya ce shi ba a ba shi ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta duka, yadda ya faru.

Na yi ta sauri har na kai su babi na ashirin. Na faɗi abin da mai tsaron ƙofa ya ce, na ga maganar ta tafi, na ga fuskoki na ɓaci ɗaya bayan ɗaya. Fanny ta ce, "Ɗan banza." Sai bakina ya tsaya.

A masaƙa in kana son sirri, hannu kake karewa a gefen baki, wadda kake nufi kaɗai ta gani. Amma wadda nake nufi ba ta kallona. Ba hanyar da maganata za ta kai gare ta sai ta bakin mata huɗu, a gaban sauran goma sha ɗaya, ga masu ziyara dama da hagu, rabinsu sun iya karanta leɓe. Na ajiye littafin a dakalin taga na ce wa Fanny wannan ba daga littafi ba ne, ta miƙa.

Na ce, "Ranar da aka kira ni ofis, mai agogo ya tambaye ni wa ta fi nawa a layinmu. Na ce arba'in da ɗaya. Na ce kurma ce, ta tsufa, ba ta jin helma, suka kore ta. Ba wanda ya matsa mini. Tsoro nake kada ya ce talatin da takwas. Ko sunanta ban faɗa ba."

Fanny ta dube ni sosai kafin ta juya. Na tsaya ina kallon laifina yana tafiya, daga bakinta zuwa na Misis Pilling ta gado na biyu, zuwa na wata da ban sani ba, kowace ta karɓa sai ta waigo ta kalle ni kafin ta miƙa. Ta huɗu ba ta iya tashi, sai da ta miƙa hannu ta ja bargon Anti Tilda. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin an ɗauki maganar mutum da irin wannan kulawa ba. Ba wadda ta ƙara, ba wadda ta rage.

Anti Tilda ta karanta shi a bakinta har ƙarshe. Sannan kan ya fara juyowa wajen taga a kan matashi, kaɗan-kaɗan. Fuskar ta zube, idon ne kawai nata.

Ta ce, "Ai na sani, 'yar nan. Ina tsaye ina kallonki ta gilashin ofis. Shekara ashirin a masaƙa, ko kare baki ba ki iya ba. Wa ya koya miki aiki?"

Na ce ita ce.

"To na yi asara." Ta huta. "Korar ba ta dame ni ba, da ma sun gama shawararsu kafin su kira ki. Lambar ce. Daga bakinsu ban damu ba. Daga naki."

Na yi ƙoƙarin ba ta haƙuri, amma leɓe mai rawa ba ya karantuwa.

Ta ce, "Faɗi sunana in gani."

Na ce Matilda Ormerod.

"Kin cinye rabi. Buɗe baki, ba kuɗi ake biya ba."

Na sake, a hankali, kamar ranar da ta fara koya mini. Sai na ga matan gadajen ciki su ma suna miƙa shi, don sun saba duk abin da ya fito daga taga a kai shi ƙarshen ɗaki. Sunan ya zagaya ɗakin kaf ya dawo. Sista na tsaye a ƙofa, na ga leɓenta na gwadawa.

Anti Tilda ta lumshe ido ta buɗe, ta ce to in ci gaba, me sakaran ya yi bayan nan.

Litinin, 24 ga Oktoba, tsakar rana

Ta juyo.

Alhamis, 27 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Har yanzu masu tsanani ƙwarai, amma na ci abinci. Wilf ya soya dankali da albasa, na ce ya yi daɗi, ya dube ni kamar baƙuwa.

Labari ya riga ni zuwa masaƙa, ba mamaki. Wasu ba sa gaishe ni. Alice ta layin baya ta tsallako lokacin shayi ta ajiye mini rabin burodinta. Na daina karanta gaba. Inda za ta ji, nan ni ma zan ji.

Lahadi, 30 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An sallami Fanny ranar Juma'a, kuma Sista ta sa an turo gadon Anti Tilda bakin taga. Tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba. Ina ganin jijiyar wuyanta na bugawa.

Abu na farko da ta tambaya injin kusa da ginshiƙi. Na ce yana cin zare. Ta ce in naɗe 'yar takarda in cusa a ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu, daɓen ne ya lotsa, shekara tara tana yi ba ta gaya wa helma ba don kada ya ji daɗi.

Babi goma sha uku suka rage, awa ɗaya gare ni. Na fara gudu ina tsallake bayanin yanayi da na ɗakuna. Ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce kada in yi mata ha'inci, mutumin ya zauna ya rubuta ruwan saman nan, in ba ta ruwan samanta. Na koma a hankali. Mun kai inda matar malamin ta kwanta ciwo a ɓangaren mata, mijin na ɓangaren maza bai sani ba, makullin ƙofar tsakiya kuma na rataye a ƙugun mai tsaron ƙofa. Ya tsaya a gaban ƙofar. Aka buga ƙararrawa.

Na ce zan tsaya in ƙarasa babin, mai gadi ya yi abin da zai yi. Ta ce a'a, in ajiye, Lahadi ma rana ce. Ta ce, "Zai buɗe. Matsoraci ne, amma an koya masa karatu." Ta ɗora yatsu biyu a gilashin, na ɗora nawa. Sanyi ne kawai, amma ban so ɗaukewa ba.

Litinin, 31 ga Oktoba, tsakar rana

Na cusa takardar. Yadin ya fito sumul. Na tsaya ina kallonsa har mai agogo ya rubuta wani abu a allonsa.

Talata, 1 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi

Na bi jerin sau huɗu, babu 58. Wilf ya bi sau biyu. Bai ce wataƙila sallama ba ce.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Akwatin gawar a rufe ya zo, ba a yarda a buɗe ba. Mu goma sha huɗu daga masaƙa, kowa ta bar injinta ba da izini ba. Fanny ta zo da hula a kan askinta, tana jingine da mijinta.

Ban zaci ganin Sista ba. Ta tsaya daga baya cikin baƙar riga, da aka watse ta zo wurina. Ta ce, "Misis Ormerod ta bar miki saƙo." Haka ta ce, Misis Ormerod. Ta ce a ƙarshe muryar ba ta fita, sai leɓe, ita kuma ba ta iya ba, sai da ta taso Misis Pilling ta karanta mata. Saƙon shi ne, akwai mata goma sha huɗu da aka bari a tsaye a gaban ƙofar tsakiya, kada in kuskura in daina zuwa.

Asabar, 5 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi

Ban san abin da ya sa na sayi jaridar ba, hannu ne ya saba. 58, masu sauƙi.

Na dafa bango. Na san abin da na gani jiya, ni na zuba ƙasa. Amma na ɗan lokaci na yarda. Wata mace suka ba lambar, har da gadon.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Bulona na nan inda na bar su. Da na hau, fuskoki suka juyo gaba ɗaya, Misis Pilling ta ce na makara da minti uku.

A gadon bakin taga wata mace ce da ban sani ba, ba ta kai ni shekaru ba, sabon aski, ta ja bargo har haɓa. Ba wanda ya zo mata. Allon da ke ƙafar gadon ba a ko sake rubuta shi ba. Ta kalli littafin, ta kalle ni, a tsorace. Na ga kantar ƙoshiya a yatsanta, na san za ta gane ni.

Na buɗe inda muka tsaya na danne da babban yatsa. Can ciki wata ta ce in yi sauri, mutum na tsaye da makulli tun makon jiya. Na ce ya ƙara minti ɗaya.

Na matso har numfashina ya taɓa gilashin, na buɗe baki sosai yadda aka koya mini, na ce, "Yaya sunanki?"

Sai da ta waiga ta ga ko da wata nake. Sannan ta faɗa, ƙasa-ƙasa, ta cinye rabi. Na ce ta sake.

Dora Whittam, daga masaƙar bakin kogi. Na ga ya tafi gado na biyu, na uku, na huɗu. Na jira har ya kai ƙarshen ɗaki ya dawo, sannan na fara karatu.